Dukiyar Farar Hula a Ƙarƙashin Mamayar Soja: Birnin New York, 1776 zuwa 1784

Mamayar soja, a ma'anar da masana dokokin yaƙi suke ba ta, ita ce yanayin da wata runduna ta kama yanki ta riƙe ikonsa da ƙarfin makami alhali yaƙi bai ƙare ba, kuma ba a yanke wanda yankin zai zama nasa ba. Mazauna irin wannan wuri suna rayuwa ne ƙarƙashin hukuma biyu, ɗaya tana bakin ƙofa da bindiga tana ba da umarnin da ba a musawa, ɗayar kuma tana nesa tana jiran ranar da za ta dawo ta bi kadin abin da kowa ya aikata a bayan idonta. Birnin New York ya zauna cikin wannan hali shekara bakwai da wata biyu a lokacin yaƙin neman 'yancin kan Amurka, daga 15 ga Satumba 1776 zuwa 25 ga Nuwamba 1783, kuma babu wani babban birni a ƙasar da sojan Birtaniya suka daɗe a cikinsa kamar haka. Tarihin waɗannan shekaru yana nuna cewa rundunar da ta raba gidajen mutane ta kuma ba da izinin cin moriyarsu takan kwashe kayanta ta tafi idan an yi sulhu, ta bar farar hula suna jan juna gaban alƙali a kan umarnin da ba ɗayansu ne ya bayar ba, kuma adalcin da za a iya yi musu ya dogara ne kan tantance wanda ya ba da izini, da lokacin da ya bayar, da ikon da yake da shi na bayarwa.

Faɗuwar birnin da ƙarancin muhalli

A watannin Yuli da Agusta na 1776 Janar William Howe na Birtaniya ya tara mayaƙa kimanin 32,000 a tsibirin Staten, cikinsu har da dubban sojan haya daga masarautun Jamus, ya ci rundunar George Washington a yaƙin Long Island ranar 27 ga Agusta, sannan ya tsallaka tsibirin Manhattan a tsakiyar Satumba. A lokacin birnin bai wuce ƙarshen kudancin tsibirin ba, da mazauna wajen 25,000 kafin yaƙi, amma tsoron ruwan igwa daga jiragen yaƙi ya sa mafi yawansu suka yi ƙaura zuwa ƙauyukan arewa da New Jersey da Connecticut, har aka ƙiyasta cewa waɗanda Howe ya tarar ba su wuce 5,000 ba. Jama'ar ƙasar sun rabu gida biyu, masu goyon bayan 'yancin kai waɗanda Birtaniya ke kira 'yan tawaye, da masu biyayya ga Sarki George na Uku, a tsakaninsu kuma akwai mutane da yawa waɗanda burinsu kawai su tsira da rai da abin hannunsu.

Sojan ba su cika mako guda a birnin ba sai gobara ta tashi a daren 20 wayewar 21 ga Satumba kusa da bakin ruwa a kudancin gari, iska ta kora ta arewa ta yammacin titin Broadway, ta lashe ɗaruruwan gidaje tare da cocin Trinity, abin da wasu masana suka ƙiyasta ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na ginin birnin. Wata gobarar ta sake cin gomman gidaje a Agustan 1778, a daidai lokacin da masu biyayya ga sarki da aka koro daga sauran yankuna suke kwararowa neman mafaka, har yawan farar hula ya haura 30,000 kafin ƙarshen yaƙi, ban da sojan da ake nema wa masauki. Talakawan da ba su da kuɗin haya sun koma cikin kangayen da wuta ta bari, suna jingina itatuwan tsofaffin jiragen ruwa a jikin ragowar bango da bututun hayaƙi, su lulluɓe da tamfol na filafilan jirgi su kwana a ciki, har unguwar ta yi suna da garin tamfol. A birnin da muhalli ya yi wannan ƙaranci, kowane gidan da mai shi ya kulle ya gudu ya zama abin da idanu suke kai.

Gida da haya a ƙarƙashin dokar soja

Ko da yake Birtaniya ta ce ta zo ne don ta maido da doka da mulkin sarki, ba ta sake buɗe kotunan farar hula ba har ta tafi. Iko na haƙiƙa yana hannun kwamandan birni, wanda hafsan soja ne, magajin gari David Mathews kuwa sunan muƙami ya riƙe da ɗan aikin da aka bar masa, kuma daga 1778 wani ofishin tsaro ƙarƙashin Andrew Elliot ne yake sauraron ƙananan rigingimu ba tare da masu taimaka wa alƙali yanke hukunci ba, wato mutanen gari da ake rantsarwa su auna shaida, waɗanda dokar Ingila ta tanadar wa talakawan sarki. Tun a makonnin farko aka bi gidajen waɗanda suka gudu ana rubuta musu haruffan G.R., taƙaitaccen sunan Sarki George da harshen Latin, alamar cewa sun shiga hannun hukuma. An sauke hafsoshi da sojoji a wasu, an ba 'yan gudun hijira wasu, sannan a ƙarshen 1777 aka kafa kwamitin kula da matalauta wanda aka ba ikon karɓar kuɗin hayar gidajen 'yan tawaye domin ciyar da gajiyayyu da gudanar da ƙananan ayyukan gari. Ta wannan hanya mutum yana iya biyan haya shekara da shekaru, yana riƙe da rasit, alhali ko kwabo bai kai hannun mai gidan ba.

Manyan gine-gine ma ba su tsira ba. Coci-cocin ɗarikun da ake zargi da goyon bayan tawaye sun koma kurkuku da asibiti, cocin Middle Dutch kuma, bayan an tsare fursunoni a cikinsa, an mai da shi wurin koyar da hawan doki. An cusa fursunonin yaƙi a gidajen tace sukari da tsofaffin jiragen ruwa da aka girke a mashigin Wallabout, mafi ƙaurin suna cikinsu shi ne Jersey, kuma ana ƙiyasta cewa mutum fiye da 11,000 suka mutu a waɗannan jiragen saboda yunwa da cuta. A hunturun ƙarshen 1779 da farkon 1780 sanyi ya yi tsananin da ruwan tashar jiragen ya daskare har ana jan igwa a kan ƙanƙara zuwa tsibirin Staten, itacen wuta ya yi wuyar samu, aka sare itatuwan Manhattan da na lambuna, aka ɓalle shingayen gonaki ana ƙonawa. Manoman Long Island kuwa ana karɓe musu harawa da hatsi da dawakai da amalanke, a bar su da takardar shaidar biya wadda sau da yawa ba ta zama kuɗi ba, kuma alƙali Thomas Jones, wanda shi kansa mai biyayya ga sarki ne, ya cika tarihin da ya rubuta da kuka kan yadda jami'an guzurin runduna suka yi arziki da wannan. Wanda ya zauna a yankin mamaya ya shiga halin gaba kura baya siyaki: in ya ƙi umarnin soja ya rasa dukiyarsa nan take, in ya bi kuma ana rubuta masa laifin da zai amsa bayan yaƙi.

Dokokin ramuwa da yarjejeniyar sulhu

Gwamnatin jihar New York, wadda ke zaune a garuruwan arewa ƙarƙashin Gwamna George Clinton, ta shirya wa ranar dawowarta da dokoki uku. Dokar ƙwace dukiya ta Oktoba 1779 ta ambaci mutum 59 da sunayensu, har da mata uku, ta kore su daga jihar ta kuma halatta sayar da kadarorinsu, ciki har da manyan filayen zuriyar Philipse da De Lancey. Wata doka ta 1782 ta sauƙaƙa wa masu goyon bayan 'yanci bashin da mazauna yankin mamaya ke bin su. Ta ukun, wadda aka zartar ranar 17 ga Maris 1783, ita ce dokar keta haddin dukiya, wadda ta ba duk wanda ya gudu ya bar gidansa saboda abokan gaba damar ƙarar wanda ya zauna a ciki ko ya ɓata shi, ta kuma hana wanda ake ƙara ya kare kansa da cewa umarnin soja ya bi. Wannan hani shi ne ƙashin bayan dokar, domin kusan kowane mai zaman gidan wani a birnin da izinin hukumar soja ya shiga.

Sai dai yarjejeniyar sulhun da aka sa wa hannu a Faris ranar 3 ga Satumba 1783 ta ɗauki wata hanya dabam. Sashe na 4 ya ce kada a hana masu bin bashi na kowane ɓangare karɓar haƙƙinsu, na 5 ya ce majalisar tarayya za ta roƙi jihohi su mayar da dukiyar da aka ƙwace, na 6 kuma ya hana sabon ƙwace da gurfanar da kowa saboda rawar da ya taka a yaƙin. Majalisar tarayyar ba ta da ikon tilasta wa jihohi a lokacin, kuma mutanen da suka dawo suka tarar da gidajensu an cire ƙofofi an ƙone daɓen katako, wasunsu kuma sun binne 'yan uwa da suka mutu a jiragen fursuna, ba su da kunnen sauraron maganar yafiya. Fushinsu yana da tushe, kuma duk wanda zai karanta wannan tarihi da gaskiya dole ya fara da yarda da haka.

Shari'ar Rutgers da Waddington

Elizabeth Rutgers dattijuwa ce da mijinta ya rasu, tana da masana'antar giya a titin Maiden Lane wadda ta bari a 1776. A 1778 babban jami'in guzurin rundunar Birtaniya, wato mai kula da samar wa soja abinci da kayan aiki, ya ba wasu 'yan kasuwa biyu, Benjamin Waddington da Evelyn Pierrepont, izinin amfani da ita. Sun tarar an kwashe duk abin amfanin da ke cikinta, suka kashe wajen fam 700 wurin gyara, suka yi aiki ba tare da biyan haya ba har 1 ga Mayu 1780, daga nan kuma, bisa izinin babban kwamandan runduna Sir Henry Clinton, suka riƙa biyan fam 150 a shekara ga kwamitin matalauta. Kwana biyu kafin sojan Birtaniya su fice, gobara ta cinye masana'antar ƙurmus. Dattijuwar ta maka wakilinsu Joshua Waddington a kotun magajin gari tana neman fam 8,000, kuma babu ƙarar da ta fi wannan jan tausayin jama'a, tunda tsohuwa ce da ta yi gudun hijira take neman haƙƙinta wurin attajiran da suka ci riba ƙarƙashin inuwar abokan gaba.

An saurari lauyoyi ranar 29 ga Yuni 1784 a gaban magajin gari James Duane. Babban lauyan jihar, Egbert Benson, yana cikin masu tsaya wa mai ƙara, kuma hujjarsu ita ce majalisar dokokin jiha ce mai iko na ƙarshe, lafazin dokarta a bayyane yake, aikin kotu kuwa ta zartar da shi. Wanda ya jagoranci kare Waddington shi ne Alexander Hamilton, tsohon na hannun daman Washington a fagen yaƙi, wanda tun farkon shekarar ya wallafa wasiƙu da sunan aro Phocion yana gargaɗin cewa ramuwar gayya za ta kori 'yan kasuwa da jarinsu ta kuma zubar da mutuncin sabuwar ƙasar. Ya kafa hujja da dokar al'ummai, wato ƙa'idojin da ƙasashe suka saba bi tsakaninsu a yaƙi da zaman lafiya kamar yadda masana irin su Grotius da Vattel suka tsara su, wadda ta ba rundunar da ta kama gari damar cin moriyar dukiyar da aka bari muddin tana riƙe da wurin. Ya ce wannan doka ɓangare ce ta dokar gargajiyar Ingila wadda kundin tsarin mulkin New York na 1777 ya karɓa, ya ƙara da cewa sulhu yana ɗauke da yafiyar ɓarnar yaƙi, kuma jiha ɗaya ba ta da ikon warware alkawarin da tarayya ta ɗauka da sunan kowa.

Hukuncin da Duane ya bayar a Agustan 1784 ya raba shekarun zaman kashi biyu. Daga 1778 zuwa Mayun 1780 izinin ya fito ne daga jami'in guzuri, wanda dokar yaƙi ba ta ba shi ikon raba gidajen mutane ba, kuma ba don buƙatar yaƙi ya bayar ba, saboda haka dole a biya hayar wannan lokaci. Daga Mayun 1780 zuwa 1783 kuwa izinin babban kwamanda ne, wanda dokar al'ummai ta san da ikonsa, don haka ba za a sa mutum ya sake biyan hayar da ya riga ya biya ba. Duane ya yi taka-tsantsan bai ce ya soke dokar majalisa ba. Abin da ya ce shi ne alƙali ba ya ture dokar da aka fayyace nufinta, amma idan lafazi na gaba ɗaya zai haifar da abin da hankali bai ɗauka ba, ana ɗauka cewa majalisa ba ta yi nufin ta ci karo da dokar al'ummai ba tunda ba ta faɗi haka ƙarara ba. Masu taimaka wa alƙali sun yanke wa dattijuwar fam 791 da 'yan sulalla, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na abin da ta nema, daga baya kuma aka sasanta a kan wajen fam 800.

Irin wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce ga masu karatun fiƙihu, domin malaman Malikiyya sun tattauna hukuncin dukiyar da abokan gaba suka ƙwace sannan aka same ta, suka ce mai ita zai ɗauke ta ba biya idan ba a raba ganima ba, amma idan an riga an raba ko wani ya saye ta daga hannun abokan gaba sai ya biya kuɗinta. Manufar a wuraren biyu ɗaya ce, wato a kiyaye haƙƙin mai dukiya na asali ba tare da an ɗora dukan asarar yaƙi a kan mutum na uku da dukiyar ta faɗo hannunsa ta hanyar da aka sani ba.

Hukuncin Duane ya tayar da ƙura. Wasu fitattun mutanen gari, cikinsu har da Melancton Smith, sun fitar da takardar koke cewa alƙalai sun hau kan majalisar da jama'a suka zaɓa, majalisar wakilan jihar ta zartar da ƙudurin Allah wadai a Nuwamba, amma Duane ya ci gaba da zama magajin gari har 1789, kuma Washington ya rubuta masa cewa yana ganin hukuncin ya dace da hankali. Hamilton ya kare gomman ƙararraki irin wannan a shekarun da suka biyo, da yawansu aka sasanta su a wajen kotu bisa ma'aunin da Duane ya kafa, kuma a 1787 majalisar ta janye sashen da ya hana kafa hujja da umarnin soja.

Mutanen da aka lissafa cikin dukiya

Rigimar dukiya mafi nauyi a wannan mamaya ta shafi 'yan Adam ne. Kafin yaƙin akwai baƙar fata sama da 3,000 a birnin, mafi yawansu bayi, kuma bayan sanarwar Philipsburg ta 30 ga Yuni 1779, inda Sir Henry Clinton ya yi alkawarin kariya ga duk bawan ɗan tawaye da ya tsero wurin sojan sarki, wasu dubbai sun shigo daga yankuna har da na kudu, suna aikin tuƙin amalanke da dako da wanki da jagorancin jiragen ruwa a kan lada. Sashe na 7 na yarjejeniyar sulhu ya ce Birtaniya za ta janye ba tare da ta tafi da baƙar fata ko wata dukiyar Amurkawa ba, sai iyayengiji suka riƙa zuwa birnin suna farautar waɗanda suka tsere musu. A wata ganawa da aka yi ranar 6 ga Mayu 1783 a Orangetown, Washington ya nemi a cika wannan sashe, Sir Guy Carleton kuwa, babban kwamandan Birtaniya na ƙarshe, ya ce waɗanda aka yi wa alkawarin 'yanci kafin sulhu sun riga sun fita daga hukuncin dukiya, kuma mayar da su cin amana ne.

An buɗe rajista mai sunaye kimanin 3,000 da shekarun kowa da kamanninsa da sunan wanda ya taɓa mallakarsa, domin a biya diyya idan gwamnatocin biyu suka ga an saɓa yarjejeniya, kuma wani kwamiti ya riƙa zama a masaukin Fraunces yana sauraron ƙarar iyayengiji. Cikin sunayen akwai Harry Washington, wanda ya tsere daga gandun George Washington kansa. Mafi yawansu an kai su Nova Scotia a Kanada ta yau, inda suka sha wuyar samun gonakin da aka yi musu alkawari, har a 1792 kusan 1,200 suka ƙetara teku suka kafa Freetown a Saliyo. Matakin Carleton ya ceci dubban rayuka daga komawa ƙangi, amma bai shafi bayin masu biyayya ga sarki ba, waɗanda aka tafi da su a matsayin bayi, bauta kuma ba ta ƙare a jihar New York ba sai 1827.

Abin da ya biyo baya

Kimanin masu biyayya ga sarki 30,000 ne suka bar tashar New York zuwa Nova Scotia a 1783, kuma hukumar da majalisar Birtaniya ta kafa don duba asararsu ta karɓi koke sama da 3,000 ta biya wajen fam miliyan 3, abin da bai kai rabin abin da aka nema ba. Birtaniya ta fake da dokoki irin na New York ta ƙi sakin sansanonin Niagara da Oswego da Detroit sai 1796, kuma wannan tsada da jihohi suka jawo wa ƙasar tana cikin dalilan da suka sa tsarin mulkin Amurka na 1787 ya ɗora yarjejeniyar ƙasa sama da dokar kowace jiha. Masana shari'a suna lissafa ƙarar Rutgers cikin matakan farko na ikon kotu na auna dokar majalisa da dokar da ta fi ta, ikon da ya tabbata a shari'ar Marbury da Madison a 1803.

Dokokin yaƙi da aka yi daga baya sun rubuta da yawa daga abin da New York ta rasa. Ƙa'idojin Hague na 1907 sun hana ƙwace dukiyar farar hula da wawaso, sun taƙaita karɓar kaya ga buƙatar rundunar mamaya bisa izinin kwamandan wurin, tare da biya nan take ko ba da rasit a biya daga baya, sun kuma ɗauki mai mamaya a matsayin mai riƙon amanar gine-ginen gwamnati. Duk da haka rubutacciyar doka ba ta hana a samu mai gida da mai zaman gida suna riƙe da takardu biyu masu karo da juna a ranar da soja suka janye, kowane kuma yana da asarar da zai nuna. Al'ummar da ta fito daga mamaya tana da haƙƙin neman a biya waɗanda aka kora, kuma tana da nauyin kada ta hukunta mutum don kawai ya rayu ƙarƙashin ikon da bai zaɓa ba. Hanyar haɗa waɗannan biyun ita ce aikin haƙuri irin na kotun Duane, a duba kowane gida da kowace shekara da kowane izini dabam, a biya abin da aka ci ba bisa haƙƙi ba, a bar abin da tilas ta jawo.